Cibiyar Buhu

Da ƙarfe bakwai na safe Goggo ta fara gurnani, kamar kullum. Haka ma'aikatan Babban Rumbun birnin Dargaza suke kiran na'urar, duk da cewa a takarda sunanta Ma'ingizar Lantarki Mai Lamba Biyu. Sun ce halinta na goggon kowa ne: sai ta yi mita kafin ta yi aiki, kuma ba a faɗa mata ɗaki ba sallama. Gaskiyarsu. Bangon ɗakin kankare ne mai kaurin mita biyu da rabi, ƙofar da mutum zai bi kuwa makulli uku gare ta. Buhunan hatsi ne kaɗai ke shiga kai tsaye. Su hau bel mai jan kaya, su bi wani lanƙwasasshen lungu, su wuce ta ƙarƙashin bakin Goggo, wani hannun ƙarfe ya kifa su, su sake wucewa, sannan su fito ta ɗaya gefen da ɗan ɗuminsu.

Injiniya Hansatu tana ɗakin lura, idonta a kan allo. Shekara tara ke nan tana kiwon Goggo, har ta kai ga idan sautin gurnanin ya sauya kaɗan, kunnenta kan riga allon sani.

Aikin na'urar ba sihiri ba ne. A can samanta akwai wani ɗan ƙarfe da ake gasawa har ya yi ja. Idan ya ji wuta sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, waɗanda littafi ke kira ilektiron. Kowace ƙwaya tana ɗauke da caji daidai da na 'yar'uwarta, babu babba babu yaro. Yawan ƙwayoyin da ke wucewa cikin daƙiƙa guda shi ake kira kwarara, da amfiya ake auna ta, kuma amfiya ɗaya tak ƙwayoyi ne sama da biliyan shida sau biliyan. Goggo ba ta ma kai nan ba, kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya take fitarwa. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne ingiza. Ƙwayoyin suna faɗawa cikin wani dogon bututu da aka zuƙe iskarsa tas, a yi ta tura su da bolt miliyan-miliyan har gudunsu ya kusa kamo na haske. Daga nan maganaɗisu ya riƙa kaɗa su dama da hagu kamar tsintsiya, su fito ta wata siririyar tagar ƙarfe su auka cikin hatsi. Duk ƙwaron da ke kan hanya, da ƙwansa da tsutsarsa, zancensa ya ƙare.

Kuma don ƙwaro ɗaya aka gina duk wannan. Ɗan-huda ake ce masa. Baƙi ne, bai kai ƙwayar riɗi ba, amma tun wajen shekara ta 2070 ya gagari duk wani magani da ɗan Adam ya haɗa. Geron da ya yi wata biyu a gida, sai dai ka buɗe ka tarar da gari da wari. Shi ya sa hukumar birni ta kafa doka: duk amfanin gonar ƙauyukan da ke kewaye da Dargaza sai ya bi ta gaban Goggo, a jera shi a ɗakunan sanyi, kowane gida da lambarsa, mai shi ya riƙa karɓa idan ya buƙata. Abinci kawai Rumbun ke karɓa. Iri kuwa, doka ta ce a kai shi Ma'ajiyar Iri, inda ake haɗe na kowa wuri guda, da damina a raba wa manoma wanda masana suka zaɓa.

Buhunan Rumbun shimfiɗaɗɗu ne kamar matashin kai, kaurinsu yatsu shida. Nan matsalar take. Shekara da shekaru Goggo tana ingiza ƙwayoyinta da bolt miliyan biyar, wanda ke kai su zurfin yatsu biyu cikin gero su tsaya. Yatsu biyu ta sama, a kifa buhu, yatsu biyu ta ƙasa. Yatsu biyun tsakiya babu abin da ke taɓa su. A nan ɗan-huda yake laɓewa, sanyi ya rage masa kuzari amma bai hana shi ɓarna ba, kowace shekara sai ya ci rabonsa.

Sau biyu Alhaji Barau, daraktan Rumbun, yana ba da umarnin a ƙara kwarara. Mutum ne da ya yi imani cewa duk abin da ya ƙi ci, ƙari yake so. Sau biyu ana ƙarawa, bayan buhu ya ƙara ɗumi, ɗan-huda yana tsakiya ko a jikinsa. A zama na uku ne Hansatu ta kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, ka tara yara ɗari a bakin kogi su yi jifa, duk dutsen ya faɗa tsakiyar ruwa. Ka ƙaro wasu ɗari irinsu, ina dutsen zai faɗa?"

"Tsakiyar ruwa," in ji Alhaji, yana hararar ta ta saman tabarau.

"To haka muke yi. Kwarara yawan masu jifa ce. Bolt shi ne ƙarfin dantse. Wutar da za mu ƙona ɗaya ce, kilowat ɗari ne ko mun ninka wannan ko mun ninka wancan, tunda kwarara sau bolt shi ne ƙarfin. Amma idan bolt muka ninka, kowace ƙwaya za ta yi tafiyar yatsu huɗu maimakon biyu. Huɗu ta sama, huɗu ta ƙasa. Tsakiyar ma sau biyu za ta sha."

Wata bakwai ta yi tana ƙara wa bututun tsawo. Da kakar da ta wuce Goggo ta karɓi girbin ƙauyuka sittin da ɗaya a kan bolt miliyan goma, kuma a karo na farko tun da aka gina Rumbun aka buɗe buhu dubu don gwaji ba a sami ƙwaro ɗaya mai motsi ba. Aka yi taro, aka yi tafi, aka ba ta wani allon gilashi mai sunanta. Ta rataye shi inda duk mai shigowa zai gani. Ba laifi ba ne mutum ya so a yaba masa, Hansatu kuwa tana so ƙwarai.

Ranar da wannan labari ya faru bazara ta kai ƙarshe. Goggo tana gama ragowar alkamar noman rani, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. A irin wannan lokaci kowace shekara ƙofar karɓa takan cika da manoma, kuma kowa da buhun da yake so. Ba buhu kawai ba, buhu kaza. Mutum yana da talatin a ajiye, duk gero ɗaya, amma sai ya kafe lallai sai na goma sha bakwai. Hansatu ta sha yi musu dariya a ranta, tana cewa rigimar tsofaffi ce. Mahaifinta ma haka yake yi.

Wajen ƙarfe goma ta sauko don ta duba wani bel da ke ƙara. Tana cikin wucewa sai ƙugiyar injin ɗaukar kaya ta kama gefen wani buhu ta farke shi, gero ya zube a ƙasa. A tsakiyar tsibin sai ga wata 'yar jaka ta tsohon zane, shimfiɗaɗɗiya kamar tafin hannu, an ɗinke bakinta da zare. Malam Sallau, shugaban masu lodi, dattijo mai furfura wanda ya girmi Rumbun a aiki, ya yi wuf ya ɗora ƙafarsa a kai. Sai dai ya makara.

"Malam Sallau, mene ne wannan?"

"Wanne, Injiniya?"

"Wanda ke ƙarƙashin takalminka."

Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sauran masu lodin kowa ya sami abin yi da sauri. Ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya ja ta gefe bayan wani tulin buhuna.

"Ranki ya daɗe, ke 'yar manomi ce. Ki yi kamar ba ki gani ba."

Ta karɓa ta warware zaren. Gero ne, manyan ƙwayoyi zaɓaɓɓu, an cuɗe su da toka da busasshen ganyen darbejiya. Ba a yi wa abinci irin wannan gata.

"Iri ne?"

"Cibiya ce," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Kowane gida da tasa. Tun zamanin rumbun ƙasa kakanninmu a tsakiyar hatsi suke binne iri, inda hannu ba ya kaiwa da wuri, don kada yunwa ta sa a daka shi. Kuma ba a faɗi. Ko matarka ba ta sanin inda yake. Da aka zo da dokar nan, wa zai ɗauki irin ubansa ya kai a juye shi cikin na jama'a? A gida kuma ɗan-huda ya cinye. Sai wani ya gwada sa shi a tsakiyar buhu, damina ta zo ya shuka, ya fito lafiya lau. Shi ke nan. Ba wanda ya gaya wa wani, amma kowa ya ji."

"Shekara nawa ana wannan?"

"Ta kai ashirin."

"Gida nawa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ki tambayi gida nawa ne ba sa yi, lissafin zai fi sauƙi."

Hansatu ta dafa buhunan da ke bayanta. "Malam Sallau, kana nan aka ƙara wa Goggo ƙarfi. Da hannunka aka shigo da sabon bututun. Me ya hana ka magana?"

"Haba Injiniya, ai ba yau aka fara ba. Sau biyu Alhaji yana ƙara mata wuta. Karon farko mun tsorata, wallahi ko abinci ban iya ci ba sai da na ga tsiro. Ya fito. Karo na biyu ma ya fito. Sai muka gane ƙarin wutar nan ba ya kai wa cibiya. Kwantar da hankalinki."

Ta buɗe baki za ta yi masa bayanin yara da kogi, sai ta ga ba ta da ƙarfin yi. Gwaji biyu mutanen nan suka yi, da idonsu suka ga sakamako, kuma abin da suka gani gaskiya ne. Ba su da hanyar sanin cewa na ukun wani abu ne dabam. Ita ce ta san bambancin, ita kuma ba ta san da cibiya ba. Tsakanin ofishinta da inda Malam Sallau yake tsayawa matakala ashirin ne kacal, shekara tara suna gaisawa kullum.

"Ka karɓi taka?" ta tambaye shi.

Tambayar ta saɓa al'ada. Duk da haka ya gyaɗa kai.

"Ka kawo mini ƙwaya hamsin gobe. Don Allah."

Washegari ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a faranti, ta jera ƙwayoyin, ta ajiye a bakin tagar ofis. A ka'ida ranar ya kamata ta rubuta rahoto. Ta san abin da rahoton zai jawo: a tsare ƙofar karɓa, a farke buhun kowa, a rubuta sunayen masu karya doka, sunan mahaifinta a ciki. Ta kuma san abin da zai yi wa allon gilashin da ke rataye a bango. Ta ce wa kanta don manoma ta jinkirta, har da hakan a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne.

Da rana ta kira mahaifinta, Malam Namadi, a ƙauyensu Gawo Uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba.

"Uwata ta kaina! Yau an tuna da mu?"

"Baba, ka je Rumbu karɓar gero?"

"Na je shekaranjiya. Na leƙa in gaishe ki aka ce kina taro da manya."

"Buhu na nawa ka karɓa?"

Ya yi dariya. "Buhu ai buhu ne. Ya zafi a birni?"

Ba ta matsa ba. Ta san abin da ke cikin wannan buhu. Gero ne da ake kira Haƙurau, kuma a duk faɗin ƙasar gidansu ne kaɗai ke da shi tsantsa. Kakarta Hansatu ce ta fitar da shi. A wata shekarar fari da gonaki suka ƙone ƙurmus, ta bi kunya-kunya ta tsinto zangarniya goma sha ɗaya da suka tsira, ta ɓoye su, ta ƙi dakawa alhali 'ya'yanta suna kukan yunwa. Halin Haƙurau shi ne idan ruwa ya ɗauke sai ya naɗe ganyensa ya tsaya cak, kwana ashirin, wani lokaci har da biyar, ranar da ruwa ya dawo ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Irin hukuma ya fi shi cika buhu a shekara mai kyau. Amma shi irin hukumar, kwana goma ba ruwa ya ishe shi mutuwa, kuma shekaru masu kyau sun yi ƙaranci.

A rana ta uku ta shigo ofis ta tarar farantin ya yi fari da 'yan saiwoyi. Ta ƙirga. Arba'in da shida cikin hamsin sun tsaga. Ta zauna a ƙasa dirshan tana dariya, hawaye na zuba. Ta sauka da gudu ta nuna wa Malam Sallau, ya ce, "Ba na gaya miki ba?" Ta koma ta goge ɗan abin da ta fara rubutawa na rahoto. Hansatu ta san lantarki ciki da waje, amma ba ta san tsiro ba, kuma a ranar ba ta so ta sani. Akwai littattafan da da ta buɗe da sun ba ta amsa cikin minti biyar.

A rana ta huɗu da hantsi sama ta buɗe. Ruwa ne na shuka sosai, wanda ke shiga ƙasa fiye da taƙi. Kafin la'asar ƙauyuka sittin da ɗaya sun fita da sungumi. Ba a jiran ruwa na biyu a wannan zamani, kuma ba a rage iri, don abin da aka rage a gida rabon ɗan-huda ne.

Farantin bakin taga ya riga gonaki da kwana huɗu, saboda haka ita ce ta fara gani. A rana ta shida tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa. A ta takwas yana nan a gaɓar yatsa. Ta ɗauko ma'auni ta auna, ta sa alama, ta ƙara ruwa, ta matsar da shi inda rana ta fi. A ta goma ko kaurin gashi bai ƙaru ba. Ganye na biyu ya ƙi fitowa, bakin saiwoyin ya kumbura ya yi dungu. Sai a lokacin ta buɗe littattafan.

Bayanin a fili yake. Tsiron farko ba girma ba ne. Ƙwayoyin halittar da ke cikin iri tun yana kan zangarniya su ne ke shan ruwa su kumbura su miƙe, wannan kuwa ko iri ya sha wuta yakan iya yi. Girma na gaskiya sai ƙwayar halitta ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, kuma ba ta rabuwa sai ta kwafi rubutun gadon da ke cikinta. Ƙwayar lantarki mai bolt miliyan goma idan ta ratsa, tana sauke kuzarinta ne kaɗan-kaɗan a kan hanya, tana tsinka wannan rubutu. Abin da ke hana ƙwan ɗan-huda ƙyanƙyashewa ke nan. Goggo ba ta san ƙwaro ba, ba ta san gero ba. Tsakiyar buhu kuwa, kamar yadda Hansatu ta faɗa da bakinta a gaban manya, sau biyu ta sha.

Ta ɗauki farantin ta shiga ofishin Alhaji Barau ba tare da ta jira izini ba. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza idanu.

"Inna lillahi. To, amma ba wanda zai kwana da yunwa. Rumbu cike yake, hatsin nan zai yi shekara ashirin bai lalace ba. Ma'ajiyar Iri kuma za ta raba nata a sake shuka, da sauran lokaci. Ke ba ki yi laifi ba, Injiniya. Doka ta ce abinci kawai. Su suka karya."

"Ranka ya daɗe, irin gida dubu nawa ne. Kowanne da halinsa. Wani na jigawa, wani na fadama, wani..."

"Na ji. Za a fitar da sanarwa gobe. Ki bar mana wannan."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ta fito ta bar masa farantin a kan tebur. Ba ta yarda mahaifinta ya ji wannan magana daga bakin lasifika ba.

Jirgin ƙasan da ke bin doguwar gadar sama ya sauke ta a Gawo Uku da hantsi. Tun daga taga take kallon gonaki, kore-kore a jere har iyakar gani, gwanin sha'awa. Kwana shida da shuka. Mutane suna ta kai da kawo da fartanya a kafaɗa, wasu suna ɗaga mata hannu, 'yar Malam Namadi mai injin birni.

Ta same shi a gonar bayan gari, tsugune a kan kunya, hularsa a ƙeya. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi da Sallah. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, amma idonsa yana komawa ƙasa.

"Kin zo a daidai. Dubi mutumin naki, Haƙurau. Jiya da yau bai motsa ba, ga kuwa danshi. Maƙwabta har sun fara surutu, wai nasu ma haka. Na ce su dai su ji da nasu. Nawa na san halinsa, wani abu ya hango a sama. Jira yake yi."

"Baba."

"Haka ya yi shekarar da aka haife ki. Kwana goma sha tara yana tsaye..."

"Baba, ba jira yake yi ba."

Ya ɗago ya dube ta. Ta sa yatsa ta tono tsiro ɗaya a hankali, ta kakkaɓe ƙasar, ta nuna masa saiwar, guntuwa mai kumburarren baki. Sannan ta faɗa masa komai, ba ta rage ba: yatsu biyu da yatsu huɗu, buhun da ya farke, farantin, da kwanakin da ta yi da maganar a bakinta kafin ruwa ya sauka. Wannan na ƙarshen ya fi wuyar fita, amma ta fitar da shi.

Ya daɗe yana juya tsiron a tafin hannunsa.

"Lantarkin naki, idan ya shiga, ba a iya fitar da shi?"

"Ya fita tun ranar, Baba. Ko daƙiƙa bai yi a ciki ba. Abin da ya tsinka ne ba ya ɗinkuwa." Ta matso kusa da shi. "Amma ai kana rage wani a gida. Na tuna ɗan tulun nan da kake liƙe bakinsa da kakin zuma. Ko cikin cokali ne ya isa, zan kai shi ɗakin gwaji, a shekara uku..."

Ya girgiza kai tun ba ta ƙarasa ba.

"Kowace shekara ina rabawa biyu, rabi Rumbu, rabi tulu. Na tulun da ƙyar kashi ɗaya cikin goma ke tsira daga ƙwaro, amma ina yi. Bana ne ban yi ba. Da kika zo da kaka kina ba mu labari, kin gyara inji, ko ƙwaro ɗaya ba zai sake rayuwa a Rumbu ba, na ga yadda fuskarki take haske. Na ce to, me zan yi da tulu? Wurin uwata ya fi ko'ina aminci. Na juye duka na ɗinke."

Kukan da take riƙewa tun daga birni ya ƙwace. "Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba? Kalma ɗaya! Da na ware buhun da hannuna!"

"Ba a faɗi," in ji shi a hankali. Ba faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi mata ciwo. "Ni ma sai da ƙarfin kakarki ya ƙare ta gaya mini inda take sawa. Na so in gaya miki bana, bayan girbi. Gwiwoyin nan sun gama aiki. Har zanen da zan ba ki ki riƙa ɗinka jakar na ajiye, nata ne."

Daga cikin gari aka ji lasifikar hukuma ta yi ƙara, alamar sanarwa na tafe, sun ma fasa jiran goben. Mutanen gonakin kusa suka daina aiki suka juya suna saurare. Malam Namadi bai juya ba. Ya mayar da tsiron cikin raminsa, ya tara masa ƙasa, ya danna da babban yatsa kamar yadda ake yi wa dashe.

"Baba, ba zai yi ba."

"Na ji ki, uwata. Na yarda da iliminki." Ya gyara tsugunonsa, ya matsa ga tsiro na gaba. "Rami dubu goma sha biyu na sara a gonar nan. Ke da kika iya lissafi, a cikinsu ba za a sami ƙwaya ɗaya da wutar ta kuskure ba?"

Ta iya lissafin. Ta riga ta yi shi a jirgi, sau uku: yawan ƙwayoyin lantarkin da suka ratsa kowace ƙwayar gero a cikin wannan jaka ya fi ƙarfin a kira shi da baki. Ita ta tsara na'urar don kada ta kuskure komai, kuma an ba ta allon gilashi a kan haka.

Ta cire takalmanta, ta kama kunyar da ke kusa da tasa, ta durƙusa, suka fara dubawa rami bayan rami.